Algus, maguɗi, damfara: kowace cuta da sunanta

Tambayoyin da suka taru wannan karon duk a kan ƙarya da 'yan uwanta suke. Hausa ba ta zuba su a kwando ɗaya ba. Tana duba inda cutar ta faru: a baki ne, a cikin kaya, a wurin ƙirga, ko a cikin amana. Wanda ya ɗauki sunan wata ya ba wata, ya sauya laifin da yake tuhumar mutum da shi.

Wata malamar firamare daga Gusau ta ce: "Malam, yarana suna rubuta karya a maimakon ƙarya. Kuskure ne da ya kai a rage musu maki? Kuma me ake nufi da ƙaryarsa ta ƙare?"

Malama, a rage. Kalmomi uku ne daban. Ƙarya mai lanƙwasa ita ce kishiyar gaskiya. Karya marar lanƙwasa kuwa biyu ce, karin sauti ne ke raba su: in murya ta sauka a gaɓar farko ta hau a ta biyu, macen kare ce, in ta hau a ta farko ta sauka a ta biyu, aikatau ne, kamar karya sanda ko karya kumallo. Yaron da ya rubuta "wannan karya ce" game da maganar wata mata, ya yi zagin da bai yi niyya ba.

Ƙarya kuma ba faɗin abin da bai faru ba kaɗai take nufi. Akwai ƙaryar hali, wato nuna ƙarfi ko arzikin da babu shi. Daga nan aka samu ɗan ƙarya, mai aron mota da babbar riga don a ce wane ne. Ɗan ƙarya daban, maƙaryaci daban, don mai yiwuwa ɗan ƙarya bai furta ko kalma ɗaya ba. A wannan ma'ana ake cewa ƙaryarsa ta ƙare: dabararsa da cika bakinsa sun zo iyaka, ba shi da sauran mafita. Haka in ɗan dambe ya ce wa abokin karawarsa "ƙarya kake", ba labari yake ƙaryatawa ba, cewa yake ba ka isa ba.

Ki haɗa musu da karin maganar nan, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ƙurarre daga ƙure yake, wato ramin da ba ya da nisa kuma ba ya ɓullewa ko'ina. Mai bin sawu zai tarar da mai shi a ciki.

Wani mai sayar da hatsi a Dawanau ya tambaya: "Mene ne bambancin algus, ha'inci, maguɗi da tauye mudu? A kasuwa muna faɗinsu kamar abu ɗaya."

Alhaji, ha'inci shi ne uwa, sauran 'ya'ya. Duk wanda ya ɓoye maka abin da da ka sani ba za ka yarda da cinikin ba, ya ha'ince ka, ko da bai taɓa kayan ba. Mai sayar da saniya ya san tana tari ya yi shiru, ha'inci ne, amma ba algus ba ne.

Algus a jikin kaya ake yin sa. Kalmar daga Larabci ta zo, kuma tana tafe da hadisin da Muslim ya ruwaito: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci, ya cusa hannu ya ji danshi a ciki, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya ce me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Lura da cewa ba mai kayan ne ya jiƙa shi ba. Ɓoyewar ce laifin.

Algus yana da siffa uku da aka fi gani. Ta farko surki: a zuba abu mai araha cikin mai tsada, ruwa a madara, narkakken sukari a zuma, jan launi a manja ko garin barkono, tsakuwa da ƙaiƙayi a gero. Ta biyu ƙarin nauyi ko cika, kamar yayyafa wa masara ruwa kafin a ɗinke buhu. Wannan ta fi muni ga mai ajiya, domin hatsi mai danshi yana ɗaukar zafi a cikin buhu, ya yi fumfuna, ya dunƙule, kafin a ankara buhunan da ke maƙwabtaka da shi sun kamu. Shi ya sa gogaggen mai saye ba ya tsayawa a bakin buhu: yana soka ƙarfen ɗiba a tsakiya da gindi, ya ciji ƙwaya ya ji ko za ta fashe da ƙara ko za ta lotse. Ta uku jeri, mai kyau a sama, rubabbe a ƙasa, abin da duk mai sayen kwandon tumatir ya sani. Daga irin wannan jeri aka samu kashin dankali, manya a sama, ƙanana a ƙasa, ko da yake yanzu an fi faɗinsa kan danniyar manya ga talakawa.

Tauye mudu kuma bai taɓa ingancin kaya ba, yawansu ya rage. A buga gindin mudun ya shige ciki, ko a rage bakinsa, ko a ajiye mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Wannan na ƙarshe shi ne ainihin abin da farkon Suratul Muɗaffifina, sura ta 83, ya siffanta: in sun auna daga mutane su cika, in sun auna musu su rage.

Maguɗi ya fi su yawo. Yana shiga kaya, amma gidansa na gaskiya shi ne duk inda ake da ƙa'ida aka murɗe ta a ɓoye: jarrabawa, gasa, rabon taki, zaɓe. Ba a cewa algus ɗin zaɓe. Kunnen Bahaushe ba ya karɓa.

"Jabu da bogi ɗaya ne?" in ji wani ɗalibi daga Maraɗi.

Sun yi kusa. Jabu kwaikwayon abu ne da ake da na ainihinsa: jabun kuɗi, jabun magani. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne daga sunan Ijebu ta ƙasar Yarbawa kalmar ta fito, saboda kuɗin ƙarfe na ƙarya da aka riƙa dangantawa da yankin a zamanin Turawa. Bogi daga Ingilishi aka aro, kuma ya fi faɗi, don yana hawa abin da babu shi sam: kamfanin bogi, ma'aikatan bogi da ke karɓar albashi ba su taɓa zuwa ofis ba. Kishiyar jabu ita ce na ainihi, ko gangariya in ana nufin tsantsar da ba surki.

Wata 'yar kasuwa daga Kaduna ta rubuto: "Na ba wani kuɗi ya saro mini atamfa ya cinye. Mijina ya ce damfara ce, ni na ce cin amana ne. Wa ya yi daidai?"

Hajiya, amsar tana ga lokacin da mugun nufin ya shigo. In tun farko babu atamfa, babu niyyar sarowa, labarin duk tarko ne don kuɗin su fito daga hannunki, damfara ce. In kuwa da gaske yake zuwa sari, kin saba aikensa, sai wannan karon kuɗin suka shiga hannunsa ya karkatar da su, cin amana ne, wanda ake kuma kira zamba cikin aminci. Bambancin ba na baki kaɗai ba ne. Kundin hukunta laifuffuka na Final Kod da Arewacin Najeriya ta fara aiki da shi a 1960 ya raba su: cin amana a sashe na 311 da 312, cuta ta hanyar yaudara daga sashe na 320. Lambar 419 da kowa ke faɗi kuwa daga kundin laifuffuka na Kudu ta fito, sashen da ke magana kan karɓar dukiya da ƙarya.

Damfara tana da ƙafa uku, in aka cire ɗaya ta faɗi: kwaɗayi ko tsoro, gaggawa, da sirri. Mai kira ya ce daga banki yake, za a rufe asusu yau ɗin nan, a karanto masa lambar da aka turo yanzu, kada a kashe waya. Mai ninka kuɗi ya biya na farko da kuɗin na baya har jama'a su saki jiki, kamar yadda MMM ta yi kafin ta daskarar da asusun mutane a Disambar 2016. Mai alat na bogi ya nuna saƙo a wayarsa yana sauri zai hau mota. Wannan maganinsa ɗaya ne, a duba abin da ya shiga asusun mai shago, ba abin da wayar mai saye ta nuna ba.

In kayan ne aka sauya wa kama, karin maganar da ta dace ita ce angulu da kan zabo: an fige angulu, an ɗora mata kan zabo, mai saye ya duba kai ya biya. Shinkafar gida a buhun 'yar waje ke nan, ko tsohuwar waya a sabon kwali. Kura da fatar akuya ta mutum ce, ba ta kaya ba. Masu rubutu suna yawan musanya su.

Wani mai sauraron labarai daga Kumasi ya ce: "Ina jin romon baka, gafara sa da aringizo a shirye-shiryen siyasa. A warware mini."

Romo ruwan nama ne. Romon baka ko ruwan ma babu, ɗanɗanon a magana ya tsaya. Ya bambanta da ƙarya tsagwaronta domin game da gobe yake, ba a iya kama mai shi yau. Ɗan takarar da ya ce ya gina asibiti alhali bai gina ba, ƙarya ya shara. Wanda ya ce zai gina, romon baka ya ba ku, sai wa'adinsa ya cika a san matsayinsa.

Gafara sa amsar jama'a ce bayan sun gaji. Mai jan sa, wato bijimi, yakan yi ta faɗin haka don a ba shi hanya. In an daɗe ana kaucewa ba abin da ya wuce, sai a ce muna ta jin gafara sa ba mu ga ƙaho ba. Wurinta aikin da aka sha yin shelarsa, kamar titin da ake sa wa kuɗi a kasafi shekara bayan shekara. Ba a faɗinta kan alkawarin jiya.

Aringizo na ƙirga ne: a ƙara adadi a kan abin da ke akwai, ko a ƙirga abu ɗaya sau biyu. Reshe ne na maguɗi, ba dukansa ba. Sayen ƙuri'a, sace akwati da sauya takardar sakamako a hanyar zuwa wurin tattarawa duk maguɗi ne, amma ba aringizo ba. Aringizon ƙuri'u shi ne ƙuri'un da aka kaɗa a rumfa su zarce yawan waɗanda aka tantance. Dokar zaɓen Najeriya ta 2022 ta ce a soke sakamakon irin wannan rumfa, kuma da adadin waɗanda aka tantance ake gwadawa, ba da yawan masu rajista ba kamar yadda ake yi a da. Saboda haka rumfa mai rajista 700, aka tantance 300, aka ƙirga ƙuri'a 350, an yi aringizo ko da yake ba a kai 700 ɗin ba.