Abincin firiza ga yaro mai cutar siliyak (ciwon hanji da cin alkama ke tayarwa)

Kin ce abincin firiza da kike saya wa ɗanki ba alkama a kayan haɗinsa amma cikinsa bai daina ciwo ba. Mai yiwuwa daga masana'anta ne, injin da ya yi samosa shi zai yi shinkafa da kaza, ga ƙurar fulawa ko'ina, kuma sanyi ko zafin oven ba sa kashe gulutin, wato sinadarin alkama da ke cutar da masu siliyak. Ki nemi kwalin da aka rubuta gluten-free ɓaro-ɓaro, a Amurka da Turai ma'anarsa gulutin da ke ciki bai wuce kashi 20 cikin miliyan ba. "Babu alkama" kawai bai isa ba fa, sha'ir ma yana da gulutin. A gida kar ki soya masa komai a man da kika yi fanke. In ciwon ya ƙi tafiya ki mayar da shi wajen likitansa a duba jini.