Amsa kan katin Totoro mai ɗauke da 1988

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina, na ga hoton da ka turo, na kuma ji tambayarka wai ko katin gidan waya (postcard) ɗin nan na Totoro, fim ɗin katun na Japan da Miyazaki ya yi a kamfanin Ghibli, ya kai kuɗin da aka sa masa tunda an rubuta 1988 a jikinsa. Ai abin da kake son ji shi ne tsoho ne ko sabo, to saurara.

Wannan 1988 ɗin shekarar fim ce, ba shekarar buga kati ba. Fim ɗin ya fito a Afrilun 1988, tare ma aka haska shi da fim ɗin Takahata, abokin aikin Miyazaki, mai suna Hotaru no Haka. Yau ɗin nan ka shiga shagon Donguri mai sayar da kayan Ghibli ko gidan tarihin Ghibli da ke Mitaka a Tokyo, wanda sai 2001 aka buɗe shi, ka sayi kati sabo fil, 1988 ɗin za ka gani a ƙasa. To me ta nuna maka? Ba komai.

Bayan katin za ka sa ya ɗauko maka. Kullum ina faɗa a gurup ɗin nan, ku daina kallon fuska kawai. Sama ta dama akwai 'yan akwatuna na rubuta lambar gidan waya, ka ƙirga su. Japan ta fara wannan lamba a 1968, uku ce ko biyar. Sai a Fabrairun 1998 suka mayar da ita bakwai. In ka ga akwati bakwai, magana ta ƙare, daga wajen 1998 zuwa yau aka buga shi, ko me mai sayarwa zai rantse da shi. In biyar ne, to mun fara magana. Wasu katunan kam babu akwatin kwata-kwata, wannan sai a bi ta wata hanyar.

Sannan gurbin kan sarki. Wani lokaci suna rubuta kuɗin da za a liƙa. Yen 40 shi ne daga 1981, ya koma 41 a 1989, sai 50 a 1994. Ka ga ko wannan kaɗai ya rage maka wahala.

Ni fa abin da ya fi ƙona min rai shi ne katunan Nausicaa, wani fim ɗin Miyazaki. Kowa sai ya ce katin Ghibli na asali na 1984. Wace Ghibli? A 1985 aka kafa ta! Kamfanin Topcraft ne suka yi aikin fim ɗin. Eh to, daga baya an haɗa shi cikin finafinansu, ban musa ba, amma katin da aka buga a lokacin zai zo da tambarin kamfanin da ba a haifa ba tukuna? Irin na wancan zamanin da yawa cikin mujallar Animage ta kamfanin ɗab'i Tokuma Shoten suke zuwa a matsayin kyauta, can ɗin da Miyazaki ya fara zana labarin a 1982, Suzuki kuma, wanda daga baya ya zama furodusan Ghibli, yana aikin edita. Shi ya sa wani za ka ga gefensa da alamar inda aka yage shi. Wannan ba aibi ba ne a wajena, kodayake... a bar wannan, dogon zance ne.

Kuɗi kuwa, leƙa shafukan sayar da kayan hannu na Japan, Mandarake ko Mercari, ka ga nawa irinsa ke tafiya kafin ka tura ko kwabo.

In kuma ka saya, don girman Allah kada ka kai shi a yi masa lamineshan kamar takardar makaranta. Wani bawan Allah na ba aron katin Laputa, wani fim ɗin Ghibli, ya nuna wa yaransa, ya dawo min da shi a narke cikin roba yana ƙyalli, wai ya taimake ni saboda ƙura. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Ba ya ɓaruwa fa! Leda mai zif ka samu, ka sa kwali a baya, kada ka ɗaure da kyauro, ka nisanta shi da rana da laimar damina. Girman katin santimita 10 ne da kusan 15, ko ƙaramin albam na hoto zai ɗauke shi.