Wayar faiba za ta ƙara wa sautin falona daɗi?

Tambaya: Salam injiniya, ina da amfilifaya da sifiku a falo da na'urar da ke jawo sauti daga intanet, abokina ya ce in cire wayar da ta taso daga rauta in sa faiba wai sauti zai fi fita tas. Da gaske ne ko asarar kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, faiba ba ta gyara sauti. Abin da ke bi ta wayar nan lambobi ne kawai, in wani ɓangare ya lalace a hanya sake turo shi ake yi, na'urar kuma sai ta tara su tukuna kafin ta kunna, to ko ta wayar tagulla suka zo ko ta hasken faiba duk ɗaya ne. Batun gudu ma bai taso ba, sautin CD kusan megabit 1.4 ne a daƙiƙa, wayar Cat6 kuwa, wato ta tagullar da ake jonawa a rauta, tana ɗaukar 1000 har tsawon mita 100.

Amma fa abokin naka ba ƙarya ya shara gaba ɗaya ba. Faiba gilashi ce, wutar lantarki ba ta bi ta cikinta, shi ya sa in rautarka tana wani ginin ne daban wayar ta ratso tsakar gida, ni kaina faiba zan ce ka sa, ko don tsawar damina da ke biyo waya ta ƙone kaya. Sai dai ka san za ka sayi akwatin da ke juya sigina zuwa haske har guda biyu, kowanne da adaftarsa, kuma adaftocin nan masu araha su ma ƙara suke jefawa a layin wuta, an gudu ba a tsira ba kenan.

Kar kuma ka ɗauka ita ce Toslink, ramin nan mai jan haske a bayan talabijin. Wannan Toshiba ce ta fito da ita a 1983, yawanci roba ce, da ta wuce mita 10 sai ta fara gardama, tana ɗaukar sitiriyo da sautin kewaye na Dolby Digital 5.1 amma ban da na Atmos, shi sai HDMI.

In ƙarar nan ta zuuu ce ke damunka a sifika, fara da haɗa talabijin da amfilifaya ta Toslink, ka kuma kira mai wayarin ya duba maka at ɗin gidan, wato wayar da ke haɗa wutar gida da ƙasa. In rauta da na'urar duk a falo ɗaya suke, bar Cat6 ɗinka yadda take.