Me Ya Sa Yara Ke Barin Firamare Kafin Aji Shida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye. Aji ɗaya kullum cike yake maƙil, amma kafin a kai aji biyar yara sun watse. Talauci ne kaɗai ke jawo haka?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri. Talauci na ciki, ba shakka. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta Najeriya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole, amma uba mai yara biyar ya san akwai yunifom, littattafan rubutu da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai (PTA). Ga kuma abin da gida ke rasawa: yarinyar da ke aji ba ta kan tallar ƙosai, yaron ba ya gona ko kiwo. Da Kenya ta soke kuɗin firamare a 2003, yara fiye da miliyan ɗaya suka ƙaru a makarantu.

Sai dai abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaro ya shekara huɗu yana zuwa bai iya karatu ba. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na 'yan shekara 10 a ƙasashe masu tasowa ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta. Ki duba yadda abin ke faruwa: malami guda, yara jibge a kan tabarma, yana faɗin jimlar Turanci suna amshi, ba wanda ya san ma'anarta. Ran nan uba ya miƙa wa ɗansa takardar asibiti ya ce karanta mini, yaro ya yi zuru. Washegari sai a kai shi wurin kanikanci ko ɗinki. Gaskiya ba na saurin ganin laifin wannan uban.

Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. Bayan sace yaran Islamiyya a Tegina ta jihar Neja a 2021 da ɗaliban Kuriga ta jihar Kaduna a 2024, wace uwa ce hankalinta zai kwanta?

Ki riƙa lura da rajista, domin ba rana ɗaya yaro ke bari ba. Da fashin ranar kasuwa ake farawa, sai na shuka da girbi, ya dawo ya tarar an wuce shi, kunya ta kama shi. Idan ya yi sati guda ba ki gan shi ba, ki je gidansu da wani daga kwamitin makaranta ko mai unguwa. Waɗanda aka bari a baya kuwa, ki ware musu rabin awa kullum, ku koma kan baƙi da wasali da Hausa.