Amsa: me ya sa hoton kyamara ya dushe bayan sa matatar sigina (filta)?

Malam, ka ce ka haɗa resista da kafasita a wayar da ke ɗauko hoto daga kyamara, su zama matata don rage ɗige-ɗige, sai kala ta tsere, hoto ya yi hazo. Matatar ce ta ci abin da bai kamata ba. A tsarin PAL, wato wani tsarin aika hoton talabijin mai kala, kala tana tafiya ne a kan 4.43 MHz (megahertz, ma'aunin saurin kaɗawar sigina). To, resista mai ohm 75 da kafasita mai nanofarad 1 tun wajen 2 MHz suke fara yanka, kala ba za ta tsira ba.

Rage kafasitar sosai, ko ka haɗa da koyil (naɗaɗɗiyar waya) domin yankan ya koma sama da 5 MHz. Don Allah duba ƙarshen wayar ma: in babu resista mai ohm 75 a can, kana iya ganin inuwa a gefen rubutun da ke cikin hoton.