Tambaya da Amsa: Ashe sabulu bai isa ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a makarantar ungozoma. Malaminmu ya ambaci wani likita, Semmelweis, wai shi ya tilasta wanke hannu a ɗakin haihuwa. To kafin shi likitoci ba sa wanke hannu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Suna wankewa, har da sabulu, amma warin gawa ba ya barin hannun.

Ignaz Semmelweis ɗan Hangari ne, an haife shi a 1818. A 1846 ya kama aiki a babban asibitin Viyana, babban birnin Ostiriya. Asibitin na da sassan haihuwa biyu. A sashen likitoci da ɗalibansu, kusan mai jego 10 cikin 100 ke mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa. A na ungozomomi kuwa, 4 ko ƙasa da haka. Bambancin shi ne, likitoci kan fito daga ɗakin binciken gawa su wuce kai tsaye su duba mata masu naƙuda. Ungozomomi ba ruwansu da gawa.

Ya farga ne a Maris 1847, da wuƙar wani ɗalibi ta yanki abokin Semmelweis, likita Jakob Kolletschka, wurin binciken gawa, ya rasu da alamomi irin na matan nan sak. A watan Mayu Semmelweis ya ajiye ruwan kulorin, wani sinadari mai kashe wari da ƙwayoyin cuta, a ƙofar sashen, ya ce kowa ya wanke hannu da shi sai warin ya ɓace. Warin ne ma'auninsa, domin lokacin ba a tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ke jawo ciwon ba. Mace-macen da suka kai 18 cikin 100 a Afrilu suka koma wajen 2 a Yuni.

Ga abin da ya fi shafar aikinki. A Oktoba aka kwantar da wata mai ciwon daji a mahaifa, yana zubar da ruwa. Ita aka fara dubawa, aka wanke hannu da sabulu kawai, aka bi sauran. Mata 11 cikin 12 suka mutu. Daga nan ya wajabta kulorin tsakanin kowace mace da ta gaba, saboda wankin ƙofa sau ɗaya ba ya tare cutar da ke cikin ɗakin.

Manyan likitoci da yawa sun ƙi yarda. Kulorin na cin fata, sannan ba wanda ke son a ce hannunsa ne ajalin mata. Shi ma da nasa laifin: sai 1861 ya fitar da littafinsa, kuma ya riƙa kiran masu sukarsa masu kisan kai. Ya rasu a gidan mahaukata a Viyana a Agustan 1865, yana da shekara 47.