Kafin ki buga littafin, ki zo mu buɗe akwatin

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata, ya ƙarin haƙurinmu? Ya maigidan naki da jikokina? Allah ya jiƙan Yaya mahaifinki, ya haskaka kabarinsa, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Saƙonki ya iso tun ranar Talata, ƙaninki ne ya karanta mini a waya. Kin ce abokan aikin mahaifinki na ƙungiyar lauyoyi suna son yi masa zaman ban kwana a kotu, ke kuma kina son haɗa ɗan littafin tarihinsa da hotuna a raba ranar arba'in, a gyara kabarin a kafa allo mai sunansa. Maigidanki ya ce duk bidi'a ce, Goggonki ta ce in ba a daka gumba ba an wulaƙanta mamaci. Kin tambaye ni wace ce al'adarmu a ciki. A ƙarshe kuma kin rubuta wata magana da ta hana ni barci, kin ce ko kin zauna rubutun ba ki san me za ki faɗa ba, tunda har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunanki ba.

Abin da muka taso muka tarar a nan Azare shi ne zaman makoki na kwana uku, maza a ƙofar gida kan tabarmi, mata a cikin gida. Ran uku a yi sadaka, ran bakwai a yi, ran arba'in a sake. Tsofaffin mata su jiƙa gero su daka gumba, a toya masa, malamai su sauke Alƙur'ani, a raba goro da dabino, a shafa fatiha kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya taɓa kawo mana ja a kai sai bayan da aka kafa Izala a Jos a 1978, wa'azinta ya iso nan, aka fara cewa bakwai da arba'in ba su da asali a sunna. Gidaje da yawa sun rabu a kan wannan, na ga wa da ƙani sun daina gaisawa. Mahaifinki bai shiga rigimar ba. In an gayyace shi arba'in yana zuwa, in gida sun ce su daga uku sun tashi, ya yi musu addu'a ya tafi. Abu ɗaya ne ya tsaya a kansa ƙyam, wato kada a taɓa kuɗin marayu a dafa wa baƙi abinci. Yakan kawo hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a yi wa iyalan Ja'afar abinci domin abin da ya shagaltar da su ya same su. Maƙwabta ke ɗora tukunya a kai gidan mutuwa, haka muka sani.

Don haka ki bar Goggonki ta daka gumbarta da geron rumbunta, ta raba wa almajirai. Kada kuma a matsa wa maigidanki sai ya zo. Kabari a bar shi yadda muka baro shi, da tudun ƙasarsa da tsingaron da na kafa a wajen kai don mu gane. Kakanki yana kwance a maƙabartar nan babu siminti babu suna, kuma ba mu taɓa ɓatan wurin ba. Zaman kotu al'adar sana'arsu ce, kamar yadda maƙera da mahauta ke da tasu. Su yi, a roƙa masa gafara a wurin.

Akwai wata al'adar da ba ki tambaye ni ba, ita ce ta sa na zauna wannan dogon rubutu. Ku mata ba kwa zuwa maƙabarta, ba ki ga wannan ba. Da aka gama rufe shi, kafin mutane su watse, na miƙe na faɗi abin da ake faɗa a kan kowane mamaci: jama'a a yafe masa, duk mai binsa bashi ko wanda shi yake bi, ya zo ya same ni. Ana gaggauta wannan sanarwa ne saboda hadisi ya nuna ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya. Ga yawancin mutane maganar ba ta wuce kuɗin taki ko cikon kuɗin akuya. Mahaifinki kuwa, tun ranar bakwai mutum biyar suka yi mini sallama, babu wanda ya ce yana binsa ko kwabo. Kowa takardarsa yake tambaya. Wani dattijo daga wajen Gamawa ya riƙe hannuna yana rawar murya, ya ce, "Malam, gonata tana cikin akwatin Lauya."

Kin san akwatin, baƙin nan na ƙarfe da ke ƙarƙashin teburin tafireta, wanda yake hana ku zama a kai kuna yara. Bari in gaya miki yadda aka yi ya cika.

Lokacin da Yaya ya ce zai karanta lauya, kakanki ya yi kwana uku bai amsa gaisuwarsa ba. A zamaninsu alƙali aka sani da muhutinsa, mai ƙara ya faɗi da bakinsa, wanda ake ƙara ya amsa da bakinsa, a kawo shaidu ko a yi rantsuwa. Kotunan En'e na lokacin ba sa barin lauya ya tsaya. Mutane na cewa ai sunan ma ya nuna aikin, mai lauya gaskiya ta koma ƙarya. Da ƙyar kakanki ya yarda, da sharaɗin ba zai ajiye karatun Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ba. Yana karatun lauya a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, aka ƙirƙiro jihar Bauchi a 1976, daga nan ya wuce makarantar lauyoyi ta Legas, don lokacin ba a yi ta Bwari da kika yi ba. Abokan karatunsa suka nufi Kaduna da Jos da Legas inda manyan shari'o'i suke. Shi ya dawo gida, ya kama shago ɗaya mai ƙofar langalanga, da benci a waje da randar ruwa.

Dokar filaye ta 1978 ta mayar da ƙasa hannun gwamna, kin fi ni sanin wannan. Sai dai mutumin ƙauye bai san wata takardar mallaka mai tambarin gwamnati ba. Abin da ke hannunsa ɗan warƙa ne da aka yago daga littafin makaranta, an rubuta cinikin da biro, wani ma da ajami, dagaci ya buga hatimi, shaidu sun dangwala yatsa. A ɗakin kara gara na ci, gobara na ci, ɗan'uwa mai son zuciya yana ɗaukewa. Sai suka riƙa kawo wa Lauya ajiya: takardun cinikin gona a fadamar kogin Jama'are, na jingina, na aro, wasiyyoyi, yarjejeniyar burtali tsakanin manoma da wani ardo. Bai taɓa karɓar kuɗin ajiya ba. Ladan aikinsa ma sau da yawa a buhun gero yake zuwa, ko zabi biyu a ɗaure, ko ƙwaryar man shanu. Wani attajiri, ba zan faɗi sunansa ba, ya taɓa aiko masa da makullin mota a kan ya ce takardar wasu marayu ta ɓata. Ni ya ba makullin na mayar, ya ce in gaishe shi da kyau.

Mafi yawan aikinsa bai kai gaban alƙali ba. Bayan la'asar, a zauren gidanku yake ƙarewa. Akwai ranar da ba na mantawa. Wasu 'yan'uwa maza biyu suka zo da uwarsu da ƙannensu mata uku, mazan sun dage wai mace ba ta gadon gona, a ba su kuɗin zane su haƙura. Yaya bai ɗaga murya ba. Ya aiki yaro ya sayo goro takwas, ya zube a kan buzu. Ya ɗauki ɗaya ya ajiye gaban tsohuwar, ya ce, "Inna, ga tumunin takabarki." Ya ba kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya, goro ya ƙare cif, babu saura babu giɓi. Sannan ya dubi babban ya ce, "Wannan rabon ba ni na yi ba, yana cikin Suratun Nisa'i. In ka iya miƙa hannu ka ɗauke na gaban ƙanwarka, bismilla." Mutumin ya daɗe yana kallon goron nan, hannunsa a kan gwiwa. Can sai ya share ido da bakin rigarsa ya ce a kira dagaci a auna. Takardar wannan rabon ma tana cikin akwatin, na ga lokacin da ya ninke ta.

Kin san tsarin dukiyar mamaci: a fara da likkafani da abin da jana'iza ta ci, a biya bashi, a zartar da wasiyya in ba ta wuce sulusi ba, sannan magada su raba, iyayenku mata biyu su haɗu a tumuni ɗaya. Amma amana ba ta shiga tarika ko kaɗan, ta masu ita ce, kuma tana wuyansa har sai ta koma hannunsu. Ni malamin firamare ne mai ritaya, in na buɗe akwatin nan ba zan bambance wadda shari'arta ke gaban kotu da wadda aka gama ba. Wasu masu takardun sun rasu, sai an nemo magadansu, kuma ba duk wanda ya zo ya ce shi ne magaji za a miƙa wa ba. Ƙannenki babu wanda ya bi wannan layin. Ke kaɗai ce.

Sai zancen suna. 'Yata, ke 'yar fari ce. Mu nan ƙasar Katagum, jinin Fulani da tarbiyyar Hausa sun haɗu sun ɗora wa uba kunyar ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa. Ni kaina ba ki ga na rubuta sunanki a takardar nan ba, don ɗan wa ɗa ne. Yaya ma haka kakanki ya yi masa, "wannan yaron" yake ce masa har ya yi furfura. Yaran yanzu sun saki wannan, ban ce sun yi laifi ba, don na ga inda alkunya ta bar ciwo a zuciyar yaro, ga shi ta bar miki. Sai dai ina so ki san abin da idona ya gani.

Ranar da za a rantsar da ku a Abuja ya ce shari'a ta riƙe shi, ni ya tura. Babu wata shari'a ranar. Da asuba ya kira ni ɗakinsa, ya ɗauko tsohuwar hular gashinsa ta lauyoyi, wadda ya saya a Legas, ta yi ja saboda tsufa, ya naɗe ta a cikin sabon rawani. Ya ce, "Ka ba yarinyar nan, in ta ga ta tsufa ta ajiye." Kin sa ta, kin kuma ɗauka tawa ce dabarar. Da na dawo na tarar ya yanka rago ya raba wa unguwa, duk wanda ya tambaya sai ya ce sadaka ce kawai. Ya sa na ba shi labarin taron sau uku, yana tambayar ko an ji muryarki sosai da aka kira ki. Shekaranjiya kuma da nake neman makullin akwatin a aljihun teburinsa, na ci karo da wasiƙun da kika riƙa aiko masa daga makarantar kwana, an ɗaure su da zare, kowace ya rubuta ranar da ta iso a bayanta. A kan ta sama ya rubuta sunanki cikakke da hannunsa.

Littafi ki rubuta, ban hana ki ba. An umarce mu da ambaton alherin mamatanmu, kuma jikokinsa suna da haƙƙin su san shi. Amma kada ki yi gaggawar arba'in, hotunansa sanye da baƙar riga ba za su gaya wa kowa ko shi wane ne ba. Ki zauna a kan bencin nan mako biyu, duk wanda ya zo karɓar takardarsa zai ba ki labarin da ni ban sani ba. Littattafansa na shari'a, in magada sun yarda, ina ganin a kai tsangayar koyon shari'a ta jami'ar jiha da ke Misau, ɗalibai su amfana ladan ya riƙa isa gare shi. Risala da Tuhufa, littafin hukuncin alƙalai, na kakanki ne, su a gida za su zauna.

Ki nemi izinin maigidanki ki taho kafin ruwa ya sauka, don da zarar an yi shuka rigimar iyaka ke tashi, mutane za su buƙaci takardunsu. Ki zo da babban littafin rajista da tawadar dangwale. Na yi magana da mai unguwa da limamin masallacinmu, za su zauna shaida ranar da za a buɗe. Makullin yana wuyana, ban buɗe ba, ba kuma zan buɗe ba sai kin iso. Mahaifiyarki na cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba wasa ba ne, ganinki zai rage mata zaman.

Ki gaida maigidan da yara.

Baffanki,
daga Azare.